Tambaya da Amsa: Me Vastu Ya Ce Game da Zama a Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa a Indiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Delhi na ƙasar Indiya, kuma tun da na iso nake fama da tsadar haya. Kwanan nan wani dillali ya kai ni wani gida inda aka gyara ɗakin ƙarƙashin ƙasa aka mayar da shi wurin kwana, da banɗaki da ɗan wurin girki, kuɗinsa kuwa bai kama ƙafar na ɗakunan sama ba. Da na ba abokan karatuna Indiyawa labari, sai biyu daga cikinsu suka hana ni, suka ce Vastu ya hana kwana a ƙarƙashin ƙasa domin yana jawo ciwo da karayar arziki da ƙuncin zuciya. Mene ne Vastu ɗin nan, me ya ce a kan irin wannan ɗaki, kuma in saurare su ne ko camfi ne kawai? Ɗalibi, daga Delhi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba da ilimi mai amfani, Ya maido ka gida lafiya. Shawarata ita ce kada ka kama ɗakin nan, sai dai dalilina ya sha bamban da na abokanka, don haka ka yi haƙuri mu bi maganar daki-daki.

Vastu, ko Vastu Shastra da cikakken suna, tsohon ilimin tsara gini ne na Indiyawa wanda ya tsiro a cikin addinin Hindu, aka kuma rubuta shi da harshen Sanskirit. Masanin taurari Varahamihira, wanda ya rayu a ƙarni na 6, ya ware masa babi guda a cikin littafinsa Brihat Samhita, sannan akwai littattafan da suka keɓanta da shi kamar Manasara da Mayamata, da kuma Samarangana Sutradhara wanda ake jingina wa Sarki Bhoja na Dhar a ƙarni na 11. Ba ƙaramin abu ba ne a tarihin ƙasar, domin birnin Jaipur da Sarki Sawai Jai Singh na biyu ya kafa a 1727, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2019, an shata titunansa da unguwanninsa ne bisa wannan tsari.

Tushen abin wani zane ne da ake kira mandala. Ana ɗaukar filin da za a gina a matsayin murabba'i, a raba shi gida-gida har 64 ko 81, a kuma ƙudurta cewa akwai wata halitta mai suna Vastu Purusha kwance rub da ciki a kan filin, kansa a arewa maso gabas, ƙafafunsa a kudu maso yamma, alloli sun danne shi kowanne a gurbinsa. Gabas ta Indra ce, kudu ta Yama mai kula da mutuwa, yamma ta Varuna mai ruwa, arewa ta Kubera mai dukiya, kusurwar kudu maso gabas kuma ta Agni ce, wato wuta, shi ya sa suke son a ajiye madafa a can. Tsakiyar gida ta Brahma ce, kuma ana so a bar ta fili. Daga wannan zane ne aka fitar da ƙa'idar da ta shafi tambayarka, wadda ta ce sashen arewa maso gabas ya zama mai gangare, marar nauyi, a buɗe ga haske da ruwa, shi kuwa sashen kudu maso yamma ya zama mai tudu, mai nauyi, a rufe.

Da wannan ƙa'ida masu ba da shawarar Vastu na yau suke auna ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma galibinsu bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa bai dace da kwana ba. Suna ganin rami a ƙarƙashin gida tamkar an kwashe wa ginin tushensa ne, kuma wurin da hasken rana da iska ba sa ratsawa ba ya samun ƙarfin rayuwa da suke kira prana. Idan haƙawar ta zama dole, sai su ce a yi ta a arewa ko gabas ko arewa maso gabas, kada a kuskura a yi ta a kudu maso yamma, wanda shi ne mafi muni a wurinsu domin an mayar da wurin nauyi ya zama holoƙo. Sukan ƙara da cewa kada ramin ya cinye ƙarƙashin gidan gaba ɗaya, a bar wani ɓangare na bangonsa ya leƙo saman ƙasa domin a sami tagogin da ranar safe za ta shiga, a shafa fenti mai haske, a tura kaya masu nauyi zuwa kudu da yamma, kada kuma a yi madafa ko ɗakin kwana a ciki. Abin da suka yarda a yi da shi shi ne ajiyar kaya, ko ofis, ko wurin zaman nazari na ɗan lokaci. Ka ga ke nan abokanka ba su ƙirƙiri maganar ba, sun faɗa maka abin da suka taso suna ji a gidajensu ne.

Sai dai ya kamata ka san cewa waɗannan dokoki na ɗakin ƙasa yawancinsu ƙiyasi ne na masu sana'ar a wannan zamani, domin waɗanda suka rubuta tsofaffin littattafan ba su san gidan haya mai hawa-hawa na siminti da ƙarfe ba, wanda ake haƙa wa wurin ajiye motoci daga baya a yanka shi ɗaki-ɗaki. Shi ya sa za ka tarar mai shawara ɗaya ya ce ramin ya tsaya a rabin fili, wani ya ce ƙasa da haka. Indiyawan da ma ba su guje wa ƙarƙashin ƙasa kwata-kwata ba. A manyan gidajen Delhi da Lucknow na zamanin sarakunan Mughal da waɗanda suka biyo bayansu akwai ɗaki na ƙasa da ake kira tahkhana, inda iyali ke fakewa da tsakar rana a watannin Mayu da Yuni, lokacin da zafin Delhi kan haura digiri 45. Wurin hutun bazara ne da aka gina da hanyoyin shigar iska, ba wurin da mutum zai kulle kansa ya kwana shekara guda ba, rani da damina.

Dangane da ko camfi ne, a ganina Vastu ya haɗa abu biyu da ya kamata a rarrabe. Akwai lura ta magina da suka daɗe suna kallon yanayin ƙasarsu, domin a Indiya ranar la'asar mai ƙuna daga yamma da kudu maso yamma take dukan bango, iskar damina ma daga can take kaɗowa a mafi yawan ƙasar, don haka kaurara bangon wannan sashe da buɗe tagogi ga ranar safe dabara ce mai ma'ana. Sannan akwai ɓangaren aƙida, wanda ke danganta arzikin mutum da lafiyarsa da zaman aurensa ga allolin kusurwoyi, kuma wannan babu wata hujja ta kimiyya da ta tabbatar da shi. A cikin Indiyawan kansu akwai masu suka, kamar shahararren masanin sararin samaniya marigayi Jayant Narlikar, wanda ya bayyana cewa dokokin Vastu ba su da wata alaƙa ta hankali da muhalli. Idan kai Musulmi ne, ka san hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa babu camfi, kuma arziki ba ya hannun kusurwar ɗaki. Wannan bai ba ka damar yi wa abokanka ba'a ba, domin ƙaunarka ce ta sa suka buɗe baki, kuma abin da suka hana ka ɗin ya cancanci hani.

Dalilina na farko shi ne doka. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasar Indiya na 2016 ya faɗa ƙarara cewa ba a amfani da ɗakin ƙarƙashin ƙasa a matsayin wurin zama. Abin da ya halatta shi ne ajiye motoci, da ajiyar kayan da ba sa saurin kama wuta, da injinan gida irin na sanyaya ɗaki. Ya kuma gindaya cewa tsayin ɗakin daga daɓe zuwa rufi kada ya gaza mita 2.4, rufin kuma ya ɗara ƙasar da ke kewaye da ginin da aƙalla mita 0.9, domin a sami hanyar haske da iska. Tsarin birnin Delhi ya yi sassauci ga wasu masu sana'a kamar likita da lauya su buɗe ofis a irin wannan wuri bisa sharuɗɗa, amma kwana ba ya cikin sassaucin. Ma'anar wannan a gare ka ita ce duk ranar da hukumar birni ta zo ta garƙame wurin, kai za a fitar da kayanka, kuma karɓo kuɗin ajiyar da ka ba mai gida zai zama wani aiki. Ka tuna kuma kai baƙo ne mai bizar karatu, wanda adireshinsa ke rubuce a ofishin rajistar baƙi na FRRO, kuma wajibi ne mai gida ya cike takardar sanar da hukuma cewa ya saukar da ɗan ƙasar waje. Mai gidan da ya san ɗakinsa ba ya bisa ƙa'ida sau da yawa yakan yi ta jan ƙafa wajen wannan takarda, matsalar kuma a kanka take ƙarewa ranar sabunta biza.

Dalili na biyu, wanda ya fi tsaya mini a rai, shi ne ruwa. A ranar 28 ga Yuni 2024 ma'aunin Safdarjung da ke Delhi ya nuna an yi ruwan sama milimita 228 cikin sa'o'i 24. Bayan wata guda, a yammacin 27 ga Yuli, ruwa ya cika titi a unguwar Old Rajinder Nagar, ya ɓalle ƙofar wata cibiyar da ke shirya ɗalibai don jarrabawar shiga aikin gwamnati, ya kwarara cikin ɗakin karatun da aka yi a ƙarƙashin ginin. Ɗalibai uku suka rasu, mata biyu da namiji ɗaya, dukkansu matasa irinka da suka baro garuruwansu don neman ilimi. Izinin da aka ba wurin na ajiyar kaya da motoci ne, ba na zaman mutane ba. Bayan haka hukumar birnin ta rufe irin waɗannan wurare da dama, babbar kotun Delhi kuma ta miƙa binciken ga CBI, hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar. Abin lura shi ne waɗannan bayin Allah idonsu biyu, da abokai kewaye da su, amma ruwan ya fi ƙarfinsu, domin matakalar da za su bi su fita ita ce hanyar da ruwan ke bi yana saukowa. Ka ƙiyasta halin mutumin da ke barci shi kaɗai da ƙarfe biyun dare, wuta ta ɗauke, ruwa ya danne ƙofa daga waje. Irin wannan ya faru a wuraren da ba a san Vastu ba. A birnin New York na Amurka mutum 11 suka mutu a ɗakunan ƙasa a ambaliyar guguwar Ida a Satumba 2021, a Seoul na Koriya ta Kudu kuma mutum uku 'yan gida ɗaya suka halaka a Agusta 2022, har hukumomin birnin suka sanar da shirin daina ba da izinin irin waɗannan gidaje.

Na uku shi ne iskar da za ka riƙa shaƙa. Bangon da ke manne da ƙasa yana tsotsar laima, laima kuma ita ke haifar da funfuna, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta da tari da asma da sauran cututtukan numfashi. Akwai kuma iskar radon, wadda ba ta da launi ko wari, tana fitowa daga ƙasa da duwatsu tana taruwa a ɗakunan da ke ƙasa marasa iska, kuma hukumar ta ƙiyasta cewa ita ke haddasa kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na sankarar huhu, adadin yana bambanta daga wata ƙasa zuwa wata. Wurin girkin da ka ambata ma abin tsoro ne, domin gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ba ya tashi sama ya fice, sai ya kwanta a daɓe yana jiran tartsatsi. Ƙuncin zuciyar da abokanka suka ambata shi ma yana da asali, domin wanda ba ya ganin hasken rana barcinsa kan rikice, ga kaɗaicin baƙunta a kai.

Na san aljihun ɗalibi, kuma ban raina uzurinka ba, amma araha ba ta ado. Gara ka haɗa kuɗi da wani ɗalibi ku kama ɗaki ɗaya a sama, ko ka matsa unguwar da ta fi nisa tunda jirgin ƙasa na cikin birni ya ratsa kusan ko'ina a Delhi. Idan kuma za ka duba wani ɗakin da ke daf da ƙasa, ka je da rana ka kashe fitila ka ga ko za ka iya karanta takarda, ka shafa gindin bango ka ji ko yana da sanyin laima, ka duba ko fentin ƙasa ya fi na sama sabunta, domin da haka ake ɓoye layin da ambaliya ta bari. Ka tambayi mai shayi ko mai gugar da ke bakin titin inda ruwa ke tsayawa a watan Yuli da Agusta, domin shi ba shi da kamasho a cikin hayar.

Tambaya: Malam, ina birnin Chennai ina jinyar maigidana da aka yi wa tiyata, likita kuma ya ce mu zauna kusa da asibiti na wasu watanni. An nuna mana masauki mai sauƙin kuɗi a ƙarƙashin wani gida. Mai gidan ya ce kada mu damu, ɗakin yana arewa maso gabas, kuma wani masanin Vastu ya gyara shi, ya sa an yi farin fenti, an ajiye kwanon gishiri a kusurwa da wata 'yar dala ta tagulla. Ko wannan ya wadatar? Wata baiwar Allah, daga Chennai.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba maigida lafiya, Ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Bai wadatar ba, kuma wasiƙarki ta taɓo wurin da nake ganin Vastu na kasuwa ya fi cutarwa. Idan ya hana mutum zama a rami, ko da dalilin bai gamsar ba, mutumin ya tsira. Amma idan ya ce ramin ya halatta saboda yana fuskantar wata kusurwa, ko saboda an ajiye gishiri da tagulla, to ya kwantar wa mutum hankali a inda ya kamata hankalinsa ya tashi. Kwanon gishiri ba zai busar da bango ba, farin fenti ba taga ba ne, dalar tagulla kuma ba za ta buɗe ƙofa ta biyu ba ranar da ta farko ta toshe. Mai gidan wataƙila da gaskiya yake magana bisa imaninsa, amma imaninsa ba zai canza inda ruwa ke gangarawa ba.

Ki sani kuma cewa babban ruwan Chennai ba a tsakiyar shekara yake sauka ba kamar na Delhi da Mumbai. Yana zuwa ne daga Oktoba zuwa Disamba, tare da iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas. A wannan lokaci ne aka yi mummunar ambaliyar Disamba 2015 wadda ta sa aka rufe filin jirgin saman birnin, haka kuma guguwar Michaung ta sake nutsar da unguwanni a Disamba 2023. Birni ne shimfiɗaɗɗe a bakin teku, ruwa ba ya saurin janyewa. Mutumin da aka yi wa tiyata kuwa ba zai iya hawa matakala da gudu ba, kuma idan yana shan magungunan da ke rage garkuwar jiki, kamar waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, funfunar da mai lafiya zai shaƙa ya wuce tana iya zame masa ciwon huhu mai tsanani. Ki nemi sashen da ke kula da marasa lafiya 'yan ƙasashen waje a asibitin, wanda galibin manyan asibitocin Indiya suna da shi, su haɗa ki da masauki a hawa na farko ko gini mai na'urar hawa, ki kuma gaya wa likitansa irin ɗakin da kuke shirin kamawa kafin ki biya ko rupi ɗaya.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne, ina sayen yadi a birnin Surat, ina tara shi kafin a yi lodi. Ba kwana zan yi ba, ajiya kawai nake so in yi a wani ɗakin ƙasa. Abokin cinikina ya ce Vastu bai hana ba muddin na jera kayan a kudu da yamma. Me ka gani? Alhaji, daga Surat.

Amsa: Alhaji, Allah Ya sa albarka a kasuwa. Abokinka ya faɗi daidai game da Vastu, domin ajiya na cikin abin da masu shi suka yarda da shi, kuma jera dila a kudu da yamma ba zai rage ka da komai ba idan hakan zai faranta masa rai. Sai dai ƙa'idar gini ta ƙasar ta yi maganar kayan da ba sa saurin kama wuta ne, yadi kuwa yana ci, musamman na roba wanda Surat ta shahara da shi, don haka ka nemi ganin izinin wurin da takardar shaidar hukumar kashe gobara, ka kuma tabbatar inshorar kayanka ta ambaci ajiya a ƙarƙashin ƙasa, domin ba kowace yarjejeniya ce ke ɗaukar wannan ba. Surat na bakin kogin Tapi ne, kuma a Agusta 2006, da aka saki ruwa daga madatsar Ukai, mafi yawan birnin ya nutse. Ka ɗora dilolin a kan katako su bar daɓe, ka bar rata tsakaninsu da bango, kada kuma ka bar kaya su yi damina a wurin, wato daga Yuni zuwa Satumba.